Dakta Sauda da Wushiryar Walida

Da safen nan ina cikin gyara wa Walida hijabin makaranta waya ta yi ƙara. A tsaye na ɗauka, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Dakta Sauda ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwarta ce ta kira, ta ce bayan sallar asuba ne, a asibiti a Kano, za a kawo ta gidansu nan Sabon Garin Wudil. Sai na ji bakina yana tambayarta wace Sauda, kamar ina da wata Saudar da za a kira ni a kanta.

Tun ɗazu hotonta ne a sitatus ɗin kowa, guruf ɗinmu na 'yan aji kuwa na kasa buɗewa. Da yawanku a matsayin likitar haƙori kuka san ta, mai gyara jerin haƙoran yara. Ni benci ɗaya muka zauna da ita a sakandare. Tun a lokacin in kana yi mata magana ba idonka take kallo ba, bakinka take kallo, har faɗa na sha yi mata a kan haka.

Aikinta a Kano yake, amma da wuya ƙarshen mako ya wuce ba ta shigo Wudil ba. In ta zo, tsakar gidan mahaifiyarta ya zama asibiti ke nan. Maƙota su yi ta turo yara, ita kuma tana kan tabarma da 'yar tocila tana leƙa bakuna, abincinta yana hucewa a gefe.

Da salla kowa alawa yake raba wa yara, ita buroshi take rabawa. Yaran unguwar Anti Buroshi suke ce mata, kuma tana amsawa.

Abu ɗaya nake so in ba ku labari, wanda ta yi wa 'yata.

Walida tana da shekara tara a lokacin. Tun tana ƙarama baki a buɗe take barci, da munshari kamar na dattijo, yayyenta su yi ta tsokanarta. Nama kuwa ba ta iya tauna shi, sai ta juya ta juya ta haɗiye ko ta tofar. Haƙoranta na sama suna fitowa suna hawa kan juna. Mu dai mun ce haka Allah ya yi ta.

Ranar wani suna a gidan su Sauda, na lura ta bar hira ta zuba wa yarinyar ido tana fama da tsoka ɗaya. Ta kira ta, ta ce ta cije haƙora, ta ce ta buɗe, ta haska tocila. Sannan ta juyo gare ni. Malama take ce min, don ta san ina jin haushi.

“Malama, murfin kwano a kan kwano yake zama ko a ciki?”

Na ce a kai mana.

“To haka haƙoran sama ya kamata su zauna a kan na ƙasa. Na Walida ciki suke faɗawa. Muƙamuƙinta na sama ya matse, ganɗarta ta yi zurfi, sababbin haƙora ba su da wuri. Kuma wannan ƙashin na rufin baki, shi ne daɓen hanci. Ba na yi miki alkawari a kan munsharin ba, amma in wuri ya samu, sau da yawa numfashi yana sauƙi.”

Na ce to ƙashi ai ba roba ba ne, yaya za a yi ya ƙara faɗi?

Abin da ta gaya min har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ta ce rufin bakin mutum ba ƙashi ɗaya ba ne, biyu ne, dama da hagu, da ɗinki a tsakiya. A yaro ɗinkin bai gama kamawa ba. In aka tura su a hankali sai su rabu, jiki ya cike tsakanin da sabon ƙashi. In yarinya ta girma ya haɗe, to sai dai a yi maganar tiyata.

“Yanzu ne lokacinta,” in ji ta. “Kada ki bari ya wuce.”

Ni da nake koya wa 'yan firamare sassan jiki shekara da shekaru, ban taɓa jin wannan ba.

Muka je Kano ta auna bakin, muka koma ta saka ƙarfen. Ita ekispanda take ce masa, mu a gida ƙarfen Walida kawai muke cewa. Ɗan abu ne da ake manne shi a turamen haƙoran sama, dama da hagu, ya gilma ta rufin baki. A tsakiyarsa akwai ɗan noti mai rami. Ta ba ni wani ɗan makulli siriri, ta ce kullum in sa a ramin in tura baya sau ɗaya, har sai ta ce in tsaya.

Ranar farko na gwada na kasa. Na kira ta, tana tsakiyar aiki, ta kunna bidiyo ta jingine wayar, ta ce in kwantar da yarinyar a cinyata in sa babanta ya riƙe fitila. Da na tura, Walida ta ce tana jin wani nauyi a karan hancinta. Na firgita. Sauda ta ce, “Madalla, wurin da ya kamata ta ji ke nan.” Haka ta yi ta kira kullum har hannuna ya saba.

Kwanakin farko an sha fama. Yawu ya yi ta zuba, magana ta koma kamar mai ruwa a baki, tuwo ya maƙale a ƙarfen. Rake da cingam da tuwon madara duk aka hana ta, sai kunu da fura da abu mai laushi.

Sai kuma Inna.

Inna surukata ce, mahaifiyar baban Walida, a Achika take zaune. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke ce mata Walida. Duk cikin jikokinta ba ta da kamar takwararta. Da ta leƙa bakin ta ga ƙarfe, ta ce, “Yanzu mutum kuka sa wa linzami?” Ta yi fushi ta koma gida ko ruwanmu ba ta sha ba.

Sauda ta riga ta gaya min cewa in aikin ya kama, haƙoran gaba biyu za su rabu, kada in tsorata, alama ce ƙashin ya buɗe, kuma daga baya za su koma su haɗe da kansu. Haka kuwa aka yi. Wata safiya Walida ta yi dariya sai ga 'yar ƙofa a tsakanin haƙoranta. Kullum tana ƙaruwa, har ta zama wushirya sosai, irin wadda ake juyowa a kalla.

Abin da ban yi tunani ba shi ne Inna. Ashe a ƙuruciyarta wushiryarta abin magana ce a Achika da kewaye. Ni ban riske ta ba, na zo gidan haƙoran gaban sun zube. Kuma cikin 'ya'yanta da jikokinta babu wanda ya ɗauko.

Da ta sake zuwa Walida ta tare ta da dariya, sai Inna ta tsaya cik a bakin ƙofa. Ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana kallo, hawaye yana zubo mata. Ta ce, “Allah ya dawo min da abata.”

Daga ranar ƙarfen ya tashi daga linzami ya zama abin arziki. Labari ya bazu. Mata suka fara sallama a gidana suna tambayar inda ake sa ƙarfen wushirya, har da wata da bikin 'yarta ya matso tana so a yi mata kafin kamu. Da na gaya wa Sauda ta yi dariya har ta kasa magana. Ta ce in gaya musu ita ba ta sayar da wushirya.

Na gaya wa Inna ba sau ɗaya ba cewa abin na ɗan lokaci ne. Ta ce to, irin to ɗin da manya suke yi in ba su ji ka ba.

Da faɗin ya kai inda ake so, Sauda ta ce in daina juyawa. Ƙarfen zai zauna a bakin wasu watanni yana riƙe da ƙashin har ya cika. Ta ce in mun koma asibiti za ta ɗaure notin da siririyar wayar ƙarfe don kada ya juya. Kafin mu koma aka yi hutun makaranta, wushiryar kuma ta fara tsukewa.

Ranar wata Juma'a Inna ta shigo kasuwa, ta biyo ta ɗauki takwararta hutu. Ta sa ta buɗe baki, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, “Ƙarfen nan ya saki. Ina ɗan makullin? Ba ni, tunda ku kun gaji da juyawa.”

Na ce, “Inna, likita ce ta ce a tsaya.”

Ta ce, “Likita tana Kano, ba ta ga yana komawa ba.”

Na dubi baban Walida. Bawan Allah nan take ya gano wani muhimmin saƙo a wayarsa, bai ƙara ɗago kai ba. Inna kuma hannunta a miƙe.

Na ba ta. Wadda za ta shigo kwament ta ce me ya sa na ba ta, ta fara gaya min sau nawa ta ce wa uwar mijinta a'a tana kallon idonta.

Suna fita na kira Sauda ina kuka. Na tambaye ta me zai faru in aka ci gaba da juyawa. Ba ta ɓoye min ba. Ta ce na sama za su wuce na ƙasa har su daina haɗuwa, yarinyar ta koma ba ta iya tauna, turamen da ƙarfen yake kai su ma za su iya cutuwa. Sai ta tambaye ni, “Idon Inna yana ganin ramin allura?” Na ce a'a, sai an zura mata zare. Ta ce, “To muna da zuwa gobe. Ki shirya da safe.”

Washegari ta zo da motarta muka nufi Achika. Damina ce, gero ya rufe hanya, taɓo har ƙofar gida. Ni a raina na gama shirya yadda za ta shiga ta yi bayani da Turancin likitoci ta karɓo makullin mu fito.

Sai ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna. Ta tambayi gona, ta tambayi ruwa, ta tambayi ƙafar Inna da ke ciwo, ta tambayi awaki. Aka kawo fura ta sha, ta nemi ƙari. Ni ina gefe ina tafasa, ina zungurinta da gwiwa, ko kallona ba ta yi ba.

Can ta ce, “Inna, ni fa labari aka ba ni. An ce a zamaninki in kika yi dariya a dandali sai makaɗi ya ɓata kiɗa.”

Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana cewa ƙarya ake yi mata, amma sai ga labari yana fitowa. A cikin hirar ne ta faɗa da bakinta cewa ta gwada makullin jiya da yau ba ta ga ramin ba, tana jiran Gwaggo Talatu, autarta, ta zo da yamma, ita idonta garau ne.

Na zaro ido. Sauda kuwa ko gezau.

Ta ce, “Inna, jarirai nawa kika yi wa wanka?”

“Wa ya ƙirga, 'yar nan?”

“In kin zo kan maɗiga yaya kike yi?”

Inna ta ce, “A hankali mana. Ai ba a danna wurin. Allah ne ya bar shi a buɗe, shi yake rufe abinsa.”

Sauda ta ciro babbar wayarta, ta buɗe hoton ƙashin da ta ɗauka bayan an gama juyawa, ta ƙara masa girma, ta matsa kusa da Inna har kafaɗunsu suna taɓa juna. Hoton rufin bakin Walida ne, fari dama, fari hagu, da wani baƙin layi a tsakiya.

“Kin ga nan? Irin maɗigar ce, a cikin baki. Allah ya bar ta a buɗe don baki ya samu ya girma. Ta Walida ta yi nauyin buɗewa, muka ɗan taimaka. Yanzu cika ta ake yi da sabon ƙashi, kuma ba ni nake cikawa ba. Haƙoran gaba suna komawa mazauninsu, amma faɗin yana nan. In aka ƙara juyawa yanzu, danna maɗiga aka yi.”

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta kalli hoton, ta kalli Walida, ta sake kallon hoton. Na ga tana kai harshe tana shafa rufin bakinta.

“Ni ma ina da ita?”

“Kin yi ta, Inna. Ta rufe tun kina budurwa.”

Inna ta ce, “Ikon Allah. Na tsufa ina yawo da ɗinki a baki ban sani ba.” Ta yi ta maimaita ikon Allah a hankali. Wallahi ni da na riga na ji bayanin, sai na ji kamar ranar na fara ji.

Sannan muryarta ta sauka ta ce, “To wushiryar fa?”

Sauda ta ce, “Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna. Za ta tafi.”

Inna ta kwance haɓar zanenta, ta ciro makullin, ta miƙa mata. Ni har na fara ajiyar zuciya. Sai Sauda ta naɗe yatsun Inna a kan makullin ta mayar mata.

“A'a, ya zauna a wurinki. A hannun Malama wani yana iya zuwa ya karɓe. A hannunki wa ya isa?”

Inna ta fashe da dariya, bakin nan ba haƙori, ta nuna ni ta ce, “Ai kuwa wannan ba ta iya riƙon kaya ba.” Ni aka mayar abin tsokana, kuma ban taɓa jin daɗin tsokana kamar ta ranar ba.

Kafin mu tashi Sauda ta zaunar da su biyun a bakin rumbu, ta sa suka yi dariya, ta ɗauke su hoto da sauran wushiryar. Zuwanta na gaba ta kawo shi a wanke cikin firem, ta ce in kai Achika.

A mota na ce mata, yanzu in ta juya fa? Ta ce, “Ba za ta juya ba. Ranar da kuka zo zan ɗaure notin, kowa haka nake yi masa. Amma ba yau ba, kuma ba a gabanta ba.”

Da yamma Gwaggo Talatu ta zo ta ce a kawo makullin ta gwada. Walida ta ba ni labari cewa Inna kora ta yi mata har zaure.

Wushiryar ta rufe kamar yadda aka ce. Bayan watanni aka cire ƙarfen. Haƙoran da suke hawa kan juna suka samu wuri, munsharin ya ragu har yayyenta suka rasa abin tsokana.

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne, a gidan mahaifiyarta. Na ga ta rame, na yi magana, ta ce aiki ne. Ban matsa ba, don Sauda ba ta son a mayar da ita marar lafiya. Ana gasa masara a tsakar gida, ta ɗauki ɗaya ta miƙa wa Walida ta ce, “Ciza in gani.”

Walida ta ciza, ta tauna dama, ta tauna hagu, tana ci tana surutu. Sauda ta tallafe haɓa tana kallonta kamar ba ita ta yi aikin ba.

Ta ce min, “Malama, na yi wa yara da yawa wannan aikin, amma har yau in na gani sai in ji tsoron Allah ya kama ni. Ni fa ƙarfe kawai na saka. Na je na yi barci, ke ma kin yi barci, aka yi ƙashi.”

Da za mu tafi ta ba ni sunan wata abokiyar aikinta, ta ce in wata rana ba ta kusa, ita za ta ci gaba da duba Walida, ta riga ta yi mata bayani. Na ce ina za ki da ba za ki kasance kusa ba? Ta yi murmushi ta ce in gaida Inna.

Yau ƙanwarta take gaya min haka ta yi wa duk yaran da suke hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko ɗaya a rataye ba.

Walida ba ta je makaranta ba, tana ɗaki. Ɗazu na daure na kira Achika, aka kai wa Inna waya. Na gaya mata.

Sai ta ce, “Ku zo ku ɗauke ni. Yarinyar nan ta zo har ɗakina ta hana ni abin da nake so, kuma ba ta bari na ji kunya ba.”

Inna ke nan fa, wadda ciwon ƙafa ba ya barinta zuwa ko gaisuwar maƙota. Baban Walida ya tafi ɗauko ta yanzu.

Ya Allah, ga Sauda nan ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama. Yadda ta yalwata wa 'yata wurin tauna da wurin numfashi, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Ka ba mahaifiyarta da mijinta da 'ya'yanta haƙurin da mu ba mu da shi da za mu ba su.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce da danna hoton kuka kawai. Ka ajiye wayar, ka ambaci sunanta, Saudatu, ka roƙa mata gafara.